Kafin ki karɓi yarinyar daga hannun dillaliya

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce hutun haihuwarki ya ƙare, wata dillaliya kuma ta yi miki alkawarin kawo yarinya 'yar shekara goma daga ƙauye ta riƙe miki jariri, kina neman shawara. Ni dai, don Allah kada ki karɓa. Abin da idona ya gani zan faɗa miki.

A wani ƙauye ta wajen Ringim aka haife ni. Da an gama girbi, maza sun watse ci-rani Kano da Legas, sai dillalai su fara bi gida-gida. Uwar da ta ba da 'yarta ba ƙinta take yi ba. Kayan ɗaki take hange, gado da katifa da kwanuka, domin ranar biki a ɗakin amarya ake auna uwa. Haka aka tafi da 'yar ƙanwar mahaifiyata. Wata takwas ko ɗuriyarta ba mu ji ba. Kuɗin aikinta ta hannun dillaliya yake biyowa, ta zare nata, sauran ta ce wai ana tarawa. Da yarinyar ta zo gida da babbar sallah, tafin hannunta duk ya tsattsage saboda wanki da wanke-wanke, ko sunanta aka kira sai ta zabura. A kicin take kwana, kan tabarma, gefen buhun gawayi. Abin da ya fi ci min rai, uwar ɗakin nata ba ma muguwa ba ce. Ta dai saba ganinta a tsaye ne, har ta manta yarinya ce sa'ar 'yarta da ake kaiwa makaranta kullum da safe.

Ki duba ta ɓangarenki ma. Yarinyar da ita kanta raino take buƙata, ita za ki bar wa jinjiri da risho da ruwan zafi tun safe har la'asar? Ga samarin gida da na maƙwabta, kin san abin da nake nufi. Sannan dokar hana safarar mutane ta 2015, wadda NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane ta Najeriya, ke aiki da ita, ta haramta ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba aikin gida, har da ɗauri. Kano ma ta samu dokar kare yara a 2023.

Da na haifi na biyu, dattijuwa na nema a unguwarmu, mijinta ya rasu. Ta zo da safe, ta tafi da yamma, albashinta a hannunta nake damƙawa. Ya fi tsada, gaskiya. Amma ranar da jikin yaron ya yi zafi ina wurin aiki, kafin na iso har ta goya shi ta kai shi asibiti.