Ƙwai 30 na sa a injin ƙyanƙyasa, shida kaɗai suka ƙyanƙyashe: ina matsalar take?

Ɗan'uwa, kafin ka ɗora wa injin laifi, duba inda ka samo ƙwan. Idan na kiret ne daga gonar kajin ƙwai, to babu zakara a cikinsu, ko wata guda zai yi a inji baragurbi zai zama. Nemi ƙwan kajin da ke tare da zakara, zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma, kuma kada ƙwan ya wuce kwana 7 da nasawa. Kada ka wanke shi.

Zafi ya tsaya a digiri 37.5. Amma ni na fi zargin danshi, tunda ka ce da hunturu ka zuba. Iska a bushe take, ruwan tiren da ke cikin injin don ba da danshi yana ƙafewa da wuri, sai fatar cikin ƙwan ta manne wa ɗan tsako, ya huda ɓawo ya kasa fitowa. Riƙe danshi wajen kashi 55 cikin ɗari har kwana 18, sannan ka ɗaga shi zuwa 65 ko 70, ka daina juya ƙwan, ka daina buɗe murfi (na san ɗoki, amma ka daure) har kwana 21.

A kwana na 7 haska kowanne da tocila cikin duhu. Wanda ka ga jijiyoyin jini yana da rai, wanda yake fayau cire shi.

Batun ɗauke wuta kuwa, awa biyu ko uku ba ya kashe su idan ka lulluɓe injin da bargo. Idan unguwarku ana kwana babu wuta, sai batir da sola.