Na Fara Motsa Jiki Cinyoyina Sun Kama, Ko In Daina?

Tambaya: Salam likita, don Allah na fara zuwa fili gudu da asuba, shekaranjiya na yi tsallen kwaɗo, yau wallahi ko ruku'u da kyar na yi, saukowa daga bene kuwa sai na dafa bango. Lafiya kuwa? Daga wani matashi a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, kar ka daina. Abin da ya faru shi ne zaruruwan naman cinyarka sun ɗan tsattsage kaɗan kaɗan saboda aikin da ba su saba ba, shi ya sa ciwon ba ya zuwa nan take, sai bayan awa 24 zuwa 72 yake tsananta, kuma saukowa ta fi hawa zafi don a lokacin naman yana miƙewa ne alhali yana ɗauke da nauyinka. Jiki zai gyara wurin ya ƙara masa ƙwari, in ka maimaita sati mai zuwa za ka ga ciwon bai kai na farko ba. Zuciya ma haka, in ka jure wasu watanni sai ta riƙa tura jini mai yawa a bugu ɗaya, haki ya ragu.

Yanzu ka riƙa tattaki a hankali, ka sha ruwa, ka samu barci, ka ci wake ko ƙwai. Amma fa in fitsarinka ya koma kalar shayi ko ƙafar ta kumbura sosai, wannan ba gajiya ba ce, maza asibiti don ƙoda na iya taɓuwa.