Me ya haɗa bashin gwamnati da sirrin wayar mutum?

Malam, ka tambaya me ya haɗa ƙin almubazzarancin gwamnati da kare sirrin jama'a a intanet a wurin masu ra'ayin mazan jiya na Amurka. Tushen ɗaya ne: ba sa son gwamnati ta yi ƙiba. A ganinsu duk dalar da ta kashe daga aljihun mai biyan haraji ta fito, ko kuma bashi ne da za a bar wa jikoki. Bashin Amurka ya haura dala tiriliyan 30 a 2022. A nan kam ina tare da su.

Batun sirri kuwa ya raba kansu. Shugaba George W. Bush ne ya sa hannu a dokar Patriot Act, wadda ta faɗaɗa ikon gwamnati na yi wa jama'a leƙen asiri, a 2001, da yawansu suka mara masa baya don tsaro. Sai a 2013 Edward Snowden, wanda ya yi wa hukumar leƙen asiri ta NSA aiki, ya fallasa cewa hukumar tana tattara bayanan kiran wayar miliyoyin Amurkawa: lambar da ka kira, da lokacin, da tsawon hirar. A 2015 Sanata Rand Paul, ɗan jam'iyyar Republican ta masu ra'ayin mazan jiya, ya shafe sama da awa 10 a tsaye a majalisar dattawa yana yaƙar wannan leƙen asiri.