Tambaya da Amsa: Me zan ƙaru da shi idan na yi wa buɗaɗɗiyar manhaja aiki kyauta?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ɗalibi ne a shekarar ƙarshe a fannin kimiyyar kwamfuta, kuma malamanmu suna yawan ba mu shawarar mu sa hannu a buɗaɗɗun manhajoji, wato waɗanda aka bar rubutun umarninsu a fili domin kowa ya duba ya gyara. Ga tsadar data, ga rashin wutar lantarki, me zai sa in ba da lokacina ga aikin da ba za a biya ni ko kwabo ba? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ƙanena. Damuwarka tana kan hanya, kuma ba zan ruɗe ka ba: mafi yawan masu wannan aiki ba sa karɓar albashi a kansa. Sai dai ka sani cewa tun kafin ka yi tambayar kana cin moriyarsa. A shekarar 1991 wani ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland, Linus Torvalds, ya saki manhajar Linux ya gayyaci jama'a su taya shi gyara, kuma a kanta aka gina Android da ke cikin yawancin wayoyin da ke hannunmu. Haka DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ke jagorantar ginawa, da ita ake tattara alƙaluman kiwon lafiya a Najeriya da wasu ƙasashen Afirka da dama. Abin ya yi kama da aikin gayya, inda kowa ke zuwa da fartanyarsa.

A ganina, babbar ribar da za ka samu ita ce koyo a gaban gwanaye. A aji kana rubuta ƙaramar manhaja kai kaɗai, malami ya ba ka maki, shi ke nan an wuce wurin. A buɗaɗɗiyar manhaja kuwa, idan ka aika gyara ta GitHub, wato shafin intanet da ake ajiye rubutun manhajoji ana aiki tare a kansu, ba za a shigar da shi ba sai wani da ya daɗe yana riƙe da aikin ya karanta shi layi bayan layi, ya nuna maka inda ka yi kuskure, ya sa ka sake, wani lokaci har sau uku ko huɗu. Da farko abin yana da ciwo, amma irin horon da yaron tela ke samu ne a shagon maigidansa idan aka warware masa ɗinki aka ce ya sake. A nan ne za ka iya karanta rubutun da ba kai ka yi ba, ka saba da Git, wato manhajar da ke adana tarihin duk canjin da aka yi wa rubutun, ka kuma koyi bayyana hujjarka cikin ladabi ga mutanen da ba ka taɓa gani ba, kuma waɗannan su ne abubuwan da kamfanoni ke dubawa idan za su ɗauki ma'aikaci. Duk gyaran da aka karɓa yana nan a fili da sunanka, shaida ce da ta fi takardar neman aiki ƙarfi.

Akwai ma hanyar samun kuɗi kai tsaye, domin tun 2005 shirin Google Summer of Code ke ba sababbin shiga alawus su yi aiki ƙarƙashin jagora na wasu watanni, haka ma wani shiri makamancinsa mai suna Outreachy, kodayake gasar shiga tana da zafi.

Sannan akwai abin da ke damuna ni kaina. Manhajoji da yawa ba su da fassarar Hausa, wasu kuma suna lalata haruffanmu masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kuma masu su ba za su san da matsalar ba sai ɗayanmu ya kai rahoto. Shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla yana karɓar muryoyi da Hausa domin na'ura ta koyi jin harshenmu, wannan kuwa ko da waya za ka iya yi.

Game da data, da zarar ka sauke rubutun manhajar a kwamfutarka, yawancin aikin ba ya buƙatar intanet sai lokacin aikawa. Ka zaɓi manhaja ɗaya da kake amfani da ita, ka karanta ƙa'idojin ba da gudummawarta, ka fara da gyaran kuskure a littafin bayaninta ko wata ƙaramar matsala da aka ware wa sababbi, ka ba ta awa biyu ko uku a mako har ka gama jarrabawarka.