Ga ƙanwata mai son shigar 'yan hipi da tufafin zamanin da

Ƙanwata, kin ce tun kina ƙarama ranki ke son shigar 'yan hipi da tsofaffin tufafi, a gida ana ce miki kin tsufa da wuri, kina tambaya ko akwai wadda ta taɓa shiga wannan hali, kuma ina ake samun kayan na gaske. Ni na shiga, na haura arba'in, har yau ban fita ba.

Nawa son daga wani hoto ya faro. Babanmu ne a Kaduna, 1977, lokacin hawan dabar FESTAC, bikin al'adun Afirka da baƙar fata. Ya tara suma, rigarsa ta kama jiki da doguwar kwala, wando ya matse a cinya ya buɗe daga gwiwa har ya rufe takalmi mai tudu. Ina 'yar shekara tara na sa Mama gaba sai da ta jawo akwatin ƙarfenta daga ƙarƙashin gado. Ƙamshin kafur ya fara fitowa, sannan atamfofin masaƙun Kakuri, da wata doguwar riga mai faɗin hannu, ruwan goro, da aka yi wa sirfani a wuya. Na sa ta tana jan ƙasa, na ƙi cirewa har magariba.

Sai da na girma na san inda abin ya samo asali. 'Yan hipin nan matasan Amurka ne, a unguwar Haight-Ashbury ta San Francisco, musamman a 1967, da suka ƙi yaƙin Biyetnam, suka ƙi rayuwar tara kaya. A watan Agusta na 1969 kimanin mutum 400,000 suka taru a bikin waƙa na Woodstock. Kuɗi ba su da shi sosai, don haka shagunan gwanjo da na rarar kayan soja suke bi. Wandon nan mai faɗin ƙafa ma na sojojin ruwa ne tun asali. Waɗanda suka yi tafiya Maroko da Afganistan da Indiya suka komo da kaftani da kwat ɗin fatar tunkiya da duwatsun wuya.

Abin da ya fi faranta min rai shi ne, wani ɓangare na kayan daga wajenmu ya tafi. Rigar da baƙaƙen fatar Amurka suka yayata da sunan dashiki, 'yan hipi suka ɗauka, sunanta daga 'yar ciki ta Hausa ya bi ta bakin Yarabawa ya tsallaka teku. Rinin ɗaure-ɗaure kuwa da suke ƙawa da shi, ki je marinar Ƙofar Mata a Kano ki gani. Na tsaya na kalli wani dattijo yana tsoma ƙyalle a rijiyar baba, ya ɗago shi kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a idona. Da aka warware zaren, zane ya fito kamar fitowar rana. Wannan zanen yana nan wurina, shekara goma sha biyu ke nan.

Amma ki ji ni da kyau. Ni tufafin na ɗauka, da son aikin hannu, da ƙin zubar da abin da bai mutu ba. Shaye-shayen da ya halaka da yawa daga cikinsu ba abin sha'awa ba ne. Kuma shigar tana tafiya da sutura lafiya lau: dogon siket mai baza, riga mai yalwa, babban mayafin rini. Ranar da Mama ta ga ba tsiraici nake nema ba, ita da kanta ta fara ba ni labarin kowace atamfa, wadda ta zo a lefe da wadda ta saya da albashinta na farko.

Batun saye. Ni Kasuwar Barci ta Kaduna na fi sani, in kuma kina Kano ga Ƙofar Wambai. Ki yi sabo da mai shago ɗaya, ya riƙa sanar da ke ranar buɗe dila, ki je da sassafe kafin a tsince na fari. Ki sani yawancin gwanjon yanzu ba tsoho ba ne, kayan bara ne marasa ƙwari. Ki juya rigar ki duba ɗinki ta ciki, ki ja zif, ki ɗaga ta a rana ki ga ko asu ya ci. In kin ci karo da jins ɗin Levi's, ki duba ɗan jan ƙyallen da ke jikin aljihun baya. In sunan duk da manyan baƙaƙe aka rubuta, alama ce ta kafin 1971, sai dai akwai sababbi da ake kwaikwayo, don haka ki haɗa da duba yadin. Ki wanke komai da ruwan ɗumi, ki shanya a inuwa, ki goge kafin ya taɓa jikinki.

Kafin ki kashe ko sisi, ki je wurin kakarki ko gwaggonki ki roƙa a buɗe miki akwati, ki zauna ki saurara. Rigar nan tawa mai ruwan goro, tela ya rage mata tsawo ya sake mata zif, da ita na je sunan ɗiyar ƙanena a watan jiya.