Shin ƙwayar zogale na maganin makero?

Malam, tambayarka ita ce: ka ji cewa tsirrai na da furotin mai kashe fangas, wato irin ƙwayar cutar da ke kawo makero, shin idan ka daka ƙwayar zogale ka shafa wa yaronka, makeron kansa zai warke?

Akwai gaskiya a abin da ka ji. Tsiro ba ya iya gudu idan cuta ta zo masa, shi ya sa Allah ya hore masa makamai a jikinsa. Bangon ƙwayar fangas yana ɗauke da wani abu mai tauri da ake kira kaitin, wasu furotin na tsirrai kuwa aikinsu farfasa shi. Wasu kuma huda fatar ƙwayar fangas ɗin suke yi har ta mutu. An samu irinsu a masara da ganyen taba, kuma masana a Brazil sun tsamo ɗaya daga ƙwayar zogale wanda ya hana fangas mai lalata amfanin gona yaɗuwa.

Sai dai a ɗakin gwaji aka yi wannan, da furotin da aka tace. Makero na kai yana shiga har saiwar gashi, inda abin shafawa ba ya kaiwa. Yawanci sai an sha magani irin su griseofulvin na makonni da dama, bisa umarnin likita.

Don Allah ka guji man shafawa mai sitiroyid, irin na bilicin. Ƙaiƙayin zai lafa, cutar kuma ta bazu. Ka ware wa yaron matajinsa da hularsa, a riƙa tsaftace askar wanzami. Idan wurin ya kumbura yana fitar da mugunya, ka kai shi asibiti yau.