Ɗalibina ya ce na "kwafsa": zagi ne ko sara?

Tambaya: Malam, ni malamar makaranta ce. Na yi kuskuren lissafi a kan allo, sai na ji wani ɗalibi daga baya yana cewa "Malama ta kwafsa." Raina ya ɓaci. Bayan kwana biyu yaron nan ya ce darasina ya yi "mugun daɗi". Shin zagina yake yi, ko Hausarsu ce ta koma haka?

Amsa: Malama, Allah ya ƙara haƙuri. Maganar farko tana da abin gyara, ta biyu kuwa yabo ce tsantsa.

Hausa tana da kalmomi da yawa na yin ba daidai ba, kuma kowace da irin nauyin laifin da take ɗora wa mutum. "Kuskure" ita ce mai sauƙi. Ana cewa maharbi ya kuskure, wato ya auna amma bai samu ba, don haka kalmar tana ɗauke da uzuri: an yi niyyar daidai. Shi ya sa ake raba ta da "ganganci". Haka "tuntuɓen harshe", "tuntuɓen alƙalami" da "suɓutar baki", duk sassauci ne, ana ɗora laifin a kan harshe ko alƙalami a ƙyale mai su. Abin da ya same ki a gaban allo ke nan.

"Kwafsa" daban take. Sara ce, irin maganar da matasa ke yayi a tsakaninsu, kuma ba ta tsaya kan kuskuren kawai ba, tana haɗawa da jin kunya a gaban mutane. Wanda ya yi kuskure a ɗakinsa ya gyara, ba a cika cewa ya kwafsa ba. Amma ɗan wasan da ya zubar da ƙwallo ga raga a buɗe, ko mai jawabin da ya kira babban baƙo da sunan wani, wannan ya kwafsa. Idan aka ce "ka kwafsa mana", ma'anar ta kusa da "ka ba da mu", wato kunyar ta shafi har waɗanda ke tare da kai. Kalmar ba ashar ba ce. Matsalarta ita ce ta tsara ce, aboki ke faɗa wa aboki ana dariya. A ganina ɗalibi bai kamata ya jefi malamarsa da ita ba, kuma ya dace ki kira shi gefe ki nuna masa cewa "Malama, kamar akwai gyara a nan" ta isar da saƙon ba tare da zubar da girman kowa ba.

Sama da kwafsawa akwai "katoɓara", wadda ta fi shafar magana: mutum ya saki zancen da bai dace ba a inda bai dace ba. "Aika-aika" kuma ta bar sahun kuskure, ta shiga ɓarna mai girma. Ki lura da aikatau ɗin, wato kalmar aikin, da ke rakiyarsu ma. "Ya yi kuskure" da "ya tafka kuskure" ba ɗaya ba ne, "tafka" tana ƙara wa abin girma. Idan kuma shiri ya lalace aka ce "kwaɓarsa ta yi ruwa", hoton a fili yake: an zuba ruwa ya wuce kima, abin ya ƙi haɗuwa. Na kaya marasa inganci kuwa akwai "jabu" da "bogi", ta biyun daga Turanci aka aro ta.

To, sai "mugun daɗi", wanda shi ne ya fi burge ni a matsayina na mai nazarin harshe. A nan "mugu" ya ajiye ma'anarsa ta mugunta, ya koma aikin "ƙwarai". Ba shi kaɗai ba ne: "bala'in kyau", "masifar tsada", "shegen wayo", duk kalmomin sharri ne da aka mayar na ƙarfafawa. Dalilin shi ne kalma mai firgitarwa ta fi jan kunne, kuma "sosai" ta daɗe a baki har kaifinta ya ragu. Matasa sun ma ƙara gaba, suna sa ta kafin aikatau: "ta mugun burge ni", "na bala'in gaji". Abin dubawa shi ne kalmar da ta biyo baya. "Mugun hali" suka ne, don hali na iya zama mugu. "Mugun daɗi" kuwa yabo ne, tunda daɗin ne ya yi yawa. Wannan ɗalibin ya ji daɗin darasinki matuƙa, ya kuma faɗa miki da kalma mafi ƙarfi da yake da ita.